Addu'ar Maman Biyu da ta hargitsa zauren tsofaffin ɗalibai

Maman Biyu: Jama'ar zaure, ku bar ni in amayar da abin da ke cina. Kun san abin da ya faru a Unguwar Mantau ta Malumfashi ranar 19 ga Agustan 2025, 'yan bindiga suka buɗe wa mutane wuta suna cikin sallar asuba. Ƙauyenmu ba nisa da can, kasuwa ɗaya muke ci. Zumuntar matan cocinmu a nan Katsina ta sa taron addu'a, ban samu zuwa ba, Hassan na fama da zazzaɓi. Na durƙusa a ɗakina na ce Allah ya jiƙan su, ya ba iyalansu haƙuri. Ran Lahadi sai wata babba a zumunta ta tare ni gaban mutane, wai addu'ar ɗaki ba ta kai ta majami'a ba, wai na nuna ban damu ba. Ni? Sai a coci kaɗai Allah ke ji?

Ticha: Yi haƙuri Anti. A Matiyu 6:6 cewa aka yi in za ka yi addu'a ka shiga ɗakinka ka rufe ƙofa. Ki karanta mata, in ta musa ki turo ta gare ni.

Dattijo: Ƙanwata, sannu da jinya. Amma akwai inda na tsaya. Kin ce "Allah ya jiƙan su". Mu ba mu yi wa mamaci addu'a. Ibraniyawa 9:27 ta ce sau ɗaya mutum ke mutuwa, bayan nan sai shari'a. Masu rai ake roƙa wa ta'aziyya.

Katikis: Su wa ye "mu", Baba? Ka ce ku 'yan ECWA. Mu Katolika rana guda muka ware, 2 ga Nuwamba, don roƙa wa mamata rahama, kuma yana nan a Makabiyawa ta biyu, sura 12.

Dattijo: Littafin da ke hannuna 66 ne a ciki, ban ga wannan ba.

Katikis: Namu 73. Laifin wa in naku ya rage? Kuma kada a ɗauka mu baƙi ne a ƙasar nan. Tun 2023 Katsina ke da dayosis nata, Bishop Gerald Musa Bahaushe ne ɗan Malumfashi.

Dattijo: Wa ya kira ku baƙi? Kullum sai kun jawo maganar bishop.

Hajiya Babba: Kai jama'a. "Allah ya jiƙa" fa maganar Bahaushe ce. Ko a mota ka ji an yi rasuwa ita ce ke fara fitowa daga bakinka, ba ka tsaya tambayar littafi nawa ne. Maman Biyu, Allah ya saka maki da alheri, mutanenmu kika yi wa kuka.

Ustaz: Hajiya, kalmar da nauyinta, rahama ake roƙo, ba gaisuwa ba ce kurum. Amma batun wuri, a wurinmu babu gardama. Manzon Allah (SAW) ya ce an sanya mashi ƙasa duka ta zama wurin salla kuma abin tsarki. Hasali ma a mazhabar Malikiyya ba a so a shiga da gawa cikin masallaci don yi mata salla. Shi ya sa kuke ganin ana jera sahu a ƙofar gida ko a fili. Ko jana'izar marigayi Buhari a Daura ranar 15 ga Yulin 2025, ai a fili aka yi ta.

Ɗan Daura: Allah ya jiƙan Baba Buhari. Ina wurin ranar, ban taɓa ganin taro irin wannan ba. Duk wanda ya ce addu'ar fili ba ta karɓuwa ya zo Daura ya tambaya.

Na Ƙofar Ƙaura: To ga ta nan. Yana ina ranar 11 ga Disamban 2020 da aka kwashe yara sama da 300 a makarantar kimiyya ta Ƙanƙara? Yana Daura yana hutu. Lokacin ma addu'a aka ce mu yi. Shekara biyar ke nan muna "Allah ya jiƙa", Batsari, Jibiya, Faskari, yanzu Mantau.

Ɗan Daura: Yaran ba su dawo cikin mako guda ba? Ku Katsinawan birni haka kuke, mutum ya mutu ma ba ku bar shi ya kwanta.

Na Ƙofar Ƙaura: Ban zage shi ba, kwanan wata na faɗa.

Ustaz: Malam, a kiyaye harshe kan mamaci. Kuma kada ka raina addu'a. Alƙunutu da ake yi a masallatai lokacin musiba sunna ce.

Na Ƙofar Ƙaura: Allah gafarta Malam, ban raina ba. Amma ai an ce ka ɗaure raƙuminka sannan ka yi tawakkali. Mutanen Mantau a cikin masallaci aka same su. In gini ne ke sa a ji addu'a, su wa suka fi su kusa?

Ticha: Wannan ita ce amsar tambayar Anti, da za a tsaya a nan.

Sakatare: Ba za a tsaya ba, tunda an taɓa gwamnati. Gwamna Dikko Radda ya ƙaddamar da jami'an tsaron al'umma tun Oktoban 2023, matasan garuruwan ne da kansu aka ɗauka. Masu zama a Ƙofar Ƙaura suna shan shayi ba su san wahalar daji ba.

Na Ƙofar Ƙaura: Albashi ke magana, ba kai ba. In tsaron ya wadatar, me ya kai ƙananan hukumomi zaman sulhu da 'yan bindiga?

Sakatare: Sulhu al'ummomin ne suka nema.

Dattijo: Ni dai a koma kan "jiƙa". Ba a ba ni amsa daga cikin 66 ba.

Katikis: Baba, ranar da mahaifiyata ta rasu ka zo gaisuwa, me ka ce mani a zauren gidanmu?

Dattijo: Na ce Allah ya ba ku haƙuri.

Katikis: Akwai shaidu.

Hajiya Babba: Ina wurin, amma ba ni shiga.

Maman Biyu: Ikon Allah. Na zo da kukana, kun mai da shi gardamar littattafai da siyasa. Ban da Ticha da Hajiya ba wanda ya ce mani ko matar nan ta kyauta. Dattijo ne kaɗai ma ya tuna da yaron, shi ma don ya samu hanyar gyara mani magana.

Ɗan Daura: Sannu Anti, ya jikin Hassan? Amma sai Na Ƙofar Ƙaura ya janye abin da ya faɗa kan Baba.

Shugaban Zaure: To, ya isa. Ga abin da na fahimta zaure ya tsaya a kai. Addu'a a gida ba laifi, amma ta taro ta fi, don haka Maman Biyu ki je ki ba babbar nan haƙuri, gaba take da ke. Batun "jiƙa" Dattijo ya kawo aya, sauran ra'ayi ne. Gwamnati na bakin ƙoƙarinta kamar yadda Sakatare ya yi bayani, kuma Na Ƙofar Ƙaura ya karya dokar hana siyasa, na yi mashi gargaɗi na ƙarshe. Waɗanda ba su biya kuɗin wata ba su tura wa ma'aji kafin Juma'a.

Katikis: Shugaba, wa ya ce ta taro ta fi? Hau sama ka nuna mani. Kuma kowa ya san ƙanwar Dattijo kake aure.

Maman Biyu: Ni zan ba ta haƙuri? Sai dai a cire ni.