Mutum Huɗu, Ba Mai Buɗa Baki

Ɗan Argungu:
Salamu alaikum. Kwas ya kai ni Legas sati uku. Daren ƙarshe wani abokin aiki ya ja ni wata makarantar koyon kiɗa, wai ɗalibai za su yi jaz, wani salon kiɗan Amurka. Ga abin da idona ya gani. Amsa-amo "wa" ne, wanda ya karya ya biya goro.

Ɗaki ƙarami, fitila guda,
Mutum huɗu sun fito ba sanarwa.

Budurwa ta zauna gaban fiyano,
Tana murza yatsu tana hurawa.

Wani ya rungumi garaya a tsaye,
Ta fi shi tsawo, sai jinginawa.

Bas ake ce mata, tsirkiya huɗu,
Yatsunsa da filasta don tsagewa.

Mai sakso ya tsotsi bakin kara,
Kamar mai algaita kafin busawa.

Mai ganga kuwa bai ɗau gula ba,
Tsintsiyar waya ce, sai sharewa.

Malaminsu ya ƙyasta yatsa huɗu,
Ya ja da baya, bai ƙara tankawa.

Suka ɗauki gindi gaba ɗayansu,
Sannan ɗai-ɗai aka shiga yawatawa.

Kawu na Birnin Kebbi:
Ɗana, sannu da hanya. Na karanta har sau biyu ina biɗar mawaƙin, ban gane shi ba.

Ɗana, wa anka wasa wurin?
Wane sarki anka tsaya yabawa?

Kiɗi ba waƙa tuwo na gaya,
Ko ka ci shi ba ka son ƙarawa.

Mu mun tashi ga kotson Ɗanƙwairo,
In ya ja ɗa, amshi na karɓawa.

Ga taushin Ɗandawo can Yawuri,
Magana gaba, kiɗi na biyowa.

Ka biya kuɗi ka zamna shiru,
Ba liƙi, ba guɗa, ba takawa?

Taubashiya daga Gusau:
Baba, huta, bar ni da shi.

Kai da kalangu a Matan Fada
Ke sa ka faɗa ruwa ba dubawa,

Yau tsintsiya ce ke burge ka?
Zo Gusau, tsakar gidana na son sharewa.

Ɗan Argungu:
Ke, na ji ki, bashi ne, zan biya. Kawu, Allah ya ja kwana, ni ma minti goma na farko duba agogo na yi ta yi. Abin da ya zaunar da ni shi ne wannan:

Akwai amshi, Kawu, na ji shi,
Sai dai ba harshe ke furtawa.

Sakso ya jefa magana gajera,
Fiyano ta cafe tana juyawa.

Can suka shiga huɗu-huɗu,
Awo huɗu busa, huɗu ganga na ramawa.

Kamar dai yadda muke yi a nan,
Ka ba ni baiti, ina mayarwa.

Gindin kaɗai ne ke kan takarda,
Ɗiyan nan take ake ƙagowa.

Ana cikin haka budurwar ta ɓace,
Na ga gumi a goshinta na tsattsafowa.

Hannunta na dama ya tsaya a sama,
Ta rasa inda za ta saukewa.

Mai bas ko kai bai ɗaga ba,
Ya danne tsirkiya guda yana nanatawa,

Dum, dum, dum, kamar mai kiran akuya,
Har ta jiyo, ta kamo, tana dawowa.

Suka haɗa ido su biyun nan,
Dariya ta kusa kuɓuce musu, suna dannewa.

Tafi kuma ba a jira ƙarshe,
Duk wanda ya sauke nasa sai tafawa.

Ni na yi tafin a wurin da ba a yi, mutum biyu suka waiwayo. Na sunkuyar da kai kamar ina gyara takalmi.

Malam na Yawuri:
Ku ba ni wuri in tsoma baki, ni malamin tarihi ne, ba na iya yin shiru. Alhaji, kiɗan nan ba baƙo ba ne ƙwarai. A birnin Niyu Olins na Amurka ya tashi, farkon ƙarni na 20, a hannun baƙar fata.

Jikokin waɗanda aka kwasa a jirgi,
Daga yammacin Afirka ba dawowa,

An raba su da gida da harshe,
Jagora da amshi bai yi rabuwa.

Banjo da suka kaɗa tun farko,
Dangin gurmi ne, fata da ɗaurawa.

Sakso kam na Bature ne, Adolphe Sax,
Ɗan Beljiyam, shi ya yi ƙerawa.

A 1960 gwanin jaz Louis Armstrong ya zo,
Najeriya ta ji kakakinsa na tsagawa.

Taubashiya daga Gusau:
To Baba, yanzu dole in koma bayan wancan mai tsintsiyar, ba don ina so ba.

Baba, ran kasuwa a rumfar fawa,
Wa ke waƙa in kalangu na kaɗawa?

Ba kai ke ce mana ganga na magana,
Ka ji take ka san wa ake kirawa?

In fata ta iya kiran sunan mutum,
Me zai hana ƙarfe yin gaisuwa?

Kawu na Birnin Kebbi:
Diyata ta sayar da ni arha. Malam, na ji tarihi, Allah shi ƙara sani. Amma take yana da mai shi, shi wanga jaz taken wa ya kaɗa? Ɗana, in ka ɗauko a waya turo mani, sai dai wurin da yarinyar ta ɓace nika so, ba dukansa ba.

Turo in saurara bayan isha'i,
In mai bas ɗin ya iya, in hwaɗi gaskiya.

Taubashiya daga Gusau:
Baba, "gaskiya" ba ta ƙare da "wa" ba. Goro, kuma fari, ba ɗan ja ba.