Layin tiram na Edinburgh zuwa Newhaven: abin da mazauna suka ba da shawara

Da aka buɗe ƙarin layin tiram, wato jirgin ƙasan da ke bin titin mota, daga tsakiyar Edinburgh ta Sikotland zuwa unguwar Newhaven da ke arewacin birnin a Yunin 2023, mutanen birnin ba su manta layin farko ba. Wancan ya buɗe a 2014 bayan jinkiri na shekaru, ya ci fam miliyan 776. Wanda maciji ya sara, in ya ga igiya sai ya gudu.

Masu shaguna a Leith Walk, titin da sabon layin ya bi, su suka fi magana, kuma da gaskiyarsu, don shingen aiki ya daɗe a ƙofofinsu har ciniki ya ja baya. Shawararsu ita ce a gano bututun ruwa da wayoyin da ke binne tun kafin a fara haƙa, domin nan aikin farko ya cije. A kuma tanadi tallafin 'yan kasuwa da wurin sauke kaya tun ranar farko.

Masu keke suka ce a tsallaka layin dogon kai tsaye, kada a bi gefensa, musamman in an yi ruwa, don taya na maƙalewa a ramin ƙarfen.