Mece ce Hausar "fragile state"? Ni na tsaya a kan gautsi

Jama'a, assalamu alaikum. Kwana uku ke nan wata kalma ta tsaya mini a wuya a cikin rahoton da nake fassarawa kan Sudan ta Kudu, shi ya sa na kawo ta nan. Turawa na cewa "fragile state". Mu kuwa kowa da abin da yake rubutawa: ƙasa mai rauni, ƙasa mai fama da rikici, ƙasar da ke tangal-tangal. Duk na gwada su, babu wadda ta kwanta mini.

Da farko sai mun raba ta da 'yar'uwarta. Cibiyar Fund for Peace ta Amurka ta fara fitar da jerin ƙasashe a 2005 da sunan "failed states". A 2014 ta sauya sunan zuwa "fragile", kuma a shekarar ne Sudan ta Kudu ta hau saman jerin, ta sauko da Somaliya wadda ta shekara shida a wurin. Kalmar "failed state" ba ta ba mu wahala ba, durƙusasshiyar ƙasa ta wadatar. Haka Somaliya ta kasance bayan faɗuwar shugabanta Siad Barre a Janairun 1991, babu gwamnatin tsakiya kwata-kwata. Sudan ta Kudu daban take. Tun samun 'yancinta ranar 9 ga Yulin 2011 tana da shugaba da ministoci da tuta da kuɗinta, tana da kujera a Majalisar Ɗinkin Duniya. A ido a tsaye take.

Ƙasa mai rauni ita ce ta fi yawo, na sani. Matsalata da ita biyu ce. Rauni a bakinmu ciwo ne kuma rashin ƙarfi ne, mai sauraro zai iya ɗauka an ji wa ƙasar ciwo ne. Sannan mai rauni ba lalle ne ya karye ba. Akwai ƙasashe matalauta da gwamnatocinsu ba su da wani ƙarfi, amma sun yi shekaru masu yawa ba a ji ƙarar bindiga ba. Tangal-tangal kuma hoton abin da ake kallo yana shirin faɗuwa ne yanzu-yanzu. Fama da rikici alamar cutar kawai ta faɗa.

Kalmar da nake so mu farfaɗo da ita ita ce gautsi.

Duba busasshen kara. Ga tsayi, ga tauri, har ka jingina abu da shi. Amma ba ya lanƙwasuwa. Ɗan danni kaɗan, sai ya ɓalle gida biyu. Ɗanyen reshe ya fi shi laushi, amma idan iska ta kaɗa sai ya rusuna ya sake miƙewa. Wannan bambancin shi ne zuciyar maganar, kuma kalmar rauni ba ta ɗauke shi ba.

A gwada ta a kan abin da ya faru a Sudan ta Kudu. A Yulin 2013 Shugaba Salva Kiir ya sauke mataimakinsa Riek Machar. Saɓanin 'yan siyasa ne a cikin jam'iyya ɗaya, irin wanda a wata ƙasar majalisa ko kotu ko zaɓe ke shanyewa. Ranar 15 ga Disamba aka fara harbe-harbe tsakanin dogaran fadar shugaban ƙasa a Juba, babban birnin ƙasar, kafin a ce kwabo wuta ta kai garuruwan Bor da Bentiu da Malakal. Dalili kuwa, rundunar sojan haɗin gambiza ce ta tsofaffin mayaƙa, kowane rukuni na biyayya ga kwamandansa. Wani bincike na 2018 ya ƙiyasta cewa yaƙin ya ci rayuka kusan 400,000. Yarjejeniyar zaman lafiya ta 2015 ta wargaje a Yulin 2016. Ta Satumban 2018 ta haifar da gwamnatin haɗin kai a Fabrairun 2020, amma ana ta ɗage zaɓe, kuma a Maris ɗin 2025 aka yi wa Machar ɗaurin talala.

Ko an ajiye bindiga ma gautsin na nan. Kusan duk kuɗin shigar gwamnati daga man fetur yake, shi kuma sai ya bi bututu ta cikin Sudan zuwa Port Sudan. Da yaƙin Sudan ya ɓarke a Afrilun 2023, bututun ya lalace a farkon 2024, ma'aikata suka yi watanni babu albashi. Yaƙin maƙwabciya ne, amma a Juba tukunya ta daina tafasa.

Wata 'yar'uwa da muke aiki tare ta ce mini, "Malam, yaran yanzu ai gautsin baki kawai suka sani." Gaskiya ta faɗa. Amsar da na ba ta ita ce kalmar ba ta mutu ba tun da ana faɗinta, ma'anarta ta asali ce ta yi ƙura. Sau biyu ko uku a ji ta a labarai tare da ɗan bayani, kunne zai saba.

Sai rabi na biyu, wato kalmar "state", wanda ya fi damuna. Me ke da gautsin? Jiha ba ta shiga ba, don yanki ce a cikin tarayya. Daula tana kai hankali ga sarauta ko jin daɗi. Idan kuma muka ce ƙasa kawai, mun haɗa har da mutanenta, ni kuwa raina bai yarda da haka ba. Mutanen Bentiu da ambaliya ta kewaye shekara da shekaru, suna zaune a bayan ganuwar ƙasa da aka tare ruwa da ita, ba su da gautsi. Haka matan yankunan Leer da Mayendit da suka riƙe 'ya'yansu lokacin da aka ayyana yunwa a Fabrairun 2017, ana jefo abinci daga jirgin sama. Abin da ke ɓallewa hukuma ce: soja, baitulmali, kotu, ma'aikata.

Wannan bambancin yana da amfani ga masu aikin agaji. Kullum suna gaba kura baya sayaki: su bi ta hannun hukuma kuɗi su zurare, ko su kewaye ta su riƙe asibitoci da rabon abinci da kansu, ita kuma ta saba da sakin nauyin da ke kanta. Mai karatu ba zai gane wannan tsaka-mai-wuyar ba idan kalmarmu ba ta nuna inda tsagar take ba.

Don haka a rahoton na rubuta ƙasa mai gautsin hukuma a ambato na farko, daga nan sai ƙasashe masu gautsi. Jimlar ta fito haka: "Kai agaji a ƙasa mai gautsin hukuma ya fi tsada da haɗari." 'Yan'uwa na Nijar da Gana da Kamaru, ina son jin ko gautsi na nan da wannan ma'anar a bakinku kafin in miƙa aikin.