Wa ya taɓa tsallake ƙa'idar gasar gajeren labari, kuma me ya biyo baya?

Maman Hanan: Assalamu alaikum 'yan'uwa marubuta. Labarina ya tsaya a kalma 1,720, masu gasar kuwa sun ce kada a haura 1,500. Kwana uku ke nan ina datsewa, duk layin da na cire sai in ji kamar naman jikina na yanka. Wata ƙawata ta ce in tura a haka, wai in labari ya yi daɗi alƙalai ba sa tsayawa ƙirga. Don Allah wanda irin wannan ta taɓa samunsa ya ba mu labarin yadda ta kaya.

Anti Bilki: Wa alaikumus salam. Ƙanwata, kada ki biye wa ƙawar nan. Ni ba a kan yawan kalmomi na faɗi ba, a kan sharaɗin nan ne na cewa labari bai taɓa fita a ko'ina ba. Shekara guda kafin gasar na saka rabin labarin a zauren marubutanmu na WhatsApp don a ba ni gyara. A raina wannan ba wallafa ba ce, tunda ba littafi na buga ba. Ashe wata ta kwafa ta ɗora a Facebook da sunana. Na tsallake zagayen farko, har an kira ni an tambayi cikakken sunana, na gaya wa mahaifiyata tana ta sa albarka. Bayan mako biyu saƙo ya shigo cewa an ga labarin a intanet, an cire shi. Na yi kuka ranar, amma ban ga laifinsu ba, a rubuce sharaɗin yake. Tun daga nan duk abin da na yi niyyar kai wa gasa, mutum biyu kawai nake nuna wa, su ma a takarda.

Malam Habu Zariya: Na taɓa zama cikin masu tantancewa a wata ƙaramar gasa, bari in faɗi abin da na gani. Alƙalan da ƙawarki take magana ba su ne ke fara karɓar labari ba. Kafin ya isa hannunsu akwai masu tacewa, aikinsu duba adadin kalmomi, da ranar da saƙo ya shigo, da ko an cika bayanan da aka nema. Wanda ya haura, gefe ake ajiye shi ba a karanta ko sakin layi ɗaya ba. Daɗin labarin bai ma samu wanda zai ji shi ba.

Wanda ya fi tsaya mini a rai wani labari ne da aka buga da tsohon salon haruffan kwamfuta mai suna Rabi'at. Da muka buɗe a kwamfutar da ba ta da shi, duk ƙ da ɗ da ɓ suka rikiɗe suka zama baka-biyu da wasu alamomi, kalmar ƙasa ta koma }asa. Sai da na zauna na gyara shafi biyu da hannuna don marubucin ya ba ni tausayi. Ba kowane mai tacewa zai yi haka ba in labarai sun taru a gabansa.

Ɗan Damagaram: Ni kuma tambaya ce ta cece ni. Mu a Nijar ƴ muke rubutawa inda ku kuke sa 'y, ga kuma karin harshenmu. Da na ga an ce a yi amfani da daidaitacciyar Hausa sai na rubuta wa masu gasar ina tambaya. Suka ce bayanin marubuci ya bi daidaitacciya, amma taurari su yi magana da bakin garinsu. Haka tsohuwar cikin labarina ta fito da Damagaranci tsantsa, ba wanda ya taɓa mata ko harafi.

Yaya Nura: Ni dai na taɓa saɓawa na tsira, sai dai ba gasa ba ce. Wata mujalla ce ta ce a maƙala labari a fayil ɗin Word, ni kuwa na zuba shi tsirara a cikin imel don wayata ta ƙi. Editan ya amsa mini da kansa, ya ce in sake turowa yadda aka nema, kuma suka buga. Edita yana da lokacin yi maka uzuri, mai gasa kuwa in ya yi maka ya zalunci wanda ya datse nasa. Kowace gasa kuma da ma'auninta. Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 don mata zalla, tana neman kalma 1,000 zuwa 1,500. Gasar gajerun labarai ta Commonwealth tana karɓar 2,000 zuwa 5,000. Labarin da ya ƙi matsuwa a nan, wataƙila wurinsa yana can gaba.

Malam Habu Zariya: Maman Hanan, kafin ki ƙara yanke komai, duba rabe-raben kalmominki. Da yawanmu muna rubuta "ya na" da "su ka" da "za'a". Daidai shi ne yana, suka, za a. In kika haɗe na haɗewa, kwamfuta za ta rage miki adadi ba tare da kin taɓa labarin ba.

Maman Hanan: Allah ya saka da alheri, Malam. Haɗe kalmomin kaɗai ya sauke mini 64. Sauran kuma na same su a farkon labarin, inda na ɓata sakin layi biyu ina siffanta fitowar rana da kukan zakara kafin Ladidi ta buɗe baki. Na share su, yanzu da sallamar ɗan aiken kotu a ƙofar gida labarin ya fara. Ya tsaya a 1,488. Anti Bilki, na bincika wayata kaf, ban taɓa tura shi wani zaure ba. Gobe da safe in sha Allahu zan aika, saura kwana huɗu a rufe.