Ɗakin da ake rufewa sai biki

Mai tambaya: Jama'a, na ga hotunan gidajen gona 7 na Hälsingland, a Suwidin, waɗanda UNESCO, hukumar raya ilimi da al'adu ta Majalisar Ɗinkin Duniya, ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2012. Me zai sa manomi ya ƙawata katafaren ɗaki, sannan ya rufe shi?

Amsa 1: Na biki ne, malam. Sai aure ko wani babban taro ake buɗewa. Noman flakis, tsiron da ake saƙa lilin da shi, da sayar da katako suka kawo musu arziki.

Amsa 2: Ka duba bangon da kyau. Abin da ka ɗauka marmara ce, wallahi fenti ne a kan katako. Masu zane daga yankin Dalarna mai maƙwabtaka, da na Hälsingland ɗin kanta, suka riƙa zagayawa suna yi.

Mai tambaya: To fa! Ni ma ya ruɗe ni.