Baƙon Coventry: Musayar Waƙa kan Fasto Staughton

Baba Dattijon Ikilisiya:
'Ya'yana, zagayen wannan mako na Fasto William Staughton ne, haifaffen Coventry ta Ingila a 1770, shugaban farko na Kwalejin Columbian a birnin Washington na Amurka, wadda yau ake kira Jami'ar George Washington. Amsa-amonmu "ya".

Da sunan Ubangiji na fara, mai riƙe da duniya,
In ba ku labarin baƙo mai doguwar tafiya.
Yana ɗalibi a Bristol, bai da ko anini na dukiya,
A 1792 ya je Kettering, su William Carey na kafa wa 'yan mishan ƙungiya.
Fam 13 da sule biyu da sisi aka haɗa baki ɗaya,
Sule goma da sisi nasa ne, rance ya ci don ya iya.
Ba a ma rubuta sunansa ba cikin takardar ajiya.

Inna Mai Zumunta:
Sannu da ƙoƙari, Baba. Bari in karɓe ka.

Shekara na zagayowa ya hau jirgi, teku ta zama hanya,
Ya sauka Karolaina ta Kudu, Ingila ta koma baya.
Ya yi koyarwa a New Jersey, yara na samun tarbiyya,
1805 ta same shi kan bagade a Filadelfiya.
Cocin titin Sansom ya cika, wasu a ƙofa suka tsaya,
A 1814 Baptis suka taru, suka ɗora masa kaya:
Shi ne magatakardan mishan, wasiƙu ba sa ƙarewa ko ɗaya,
Judson ɗan mishan na can ƙasar Bama yana jiran amsa da zuciya.

Autan Mawaƙa:
Baba da Inna, ku gafarce ni, yaro ne zai yi magana. Akwai abin da ya tsaya mini a rai.

Na ji yabo, Baba, amma a bar ni in nemi gaskiya.
A 1824 an yi bikin yaye ɗaliban Columbian, an sha kwalliya,
Shugaba Monroe na Amurka ya zo, Lafayette na Faransa ya zauna lafiya.
Shekara uku ba ta cika ba bashi ya shaƙe wuya,
A 1827 shugaban kwaleji ya ajiye ya juya.
Makiyayi kan bar garke ne ranar da kura ta kewaya?
Wanda ya ci rance don bishara, me ya sa nan bai tsaya?

Baba Dattijon Ikilisiya:
Auta, tambayarka ta yi mini daɗi, kuma ta yi mini ciwo. Na taɓa aiki wata tara ba albashi a wata makaranta, na san abin da gida ke zama.

Ɗana, ba shi ya haƙa ta ba, tarar da ita ya yi, rijiya.
Luther Rice, mai nemo wa kwalejin kuɗi, ya sayi fili, ya yi gini, da kyakkyawar niyya,
Amma kan alkawarin mutane, kuɗi ba su zo ba gaba ɗaya.
Malamai na shiga aji, a gida ba a ɗora tukunya,
Ba shi kaɗai ya tafi ba, har kwalejin ta rufe, ta yi jinya.
Ka kuma duba dokar kafa kwalejin ta 1821 da ya riƙa da amana da kunya:
Ba a korar malami ko ɗalibi don addininsa, ko ɗaya.
Baƙo ne, ya san zafin a ce maka kai ba ɗan gari ba ne, ka koma baya.

Inna Mai Zumunta:
Ni ƙarshensa ne ke sa ni hawaye.

A 1829 Kentucky ta aiko, Kwalejin Georgetown na biɗar jagora ɗaya,
Ya ɗaure littattafansa, ya sake kama hanya.
A Washington ciwo ya kwantar da shi, garin da ya sha wuya,
Ran 12 ga Disamba ya cika, bai ga Kentucky ba, Allah ya riga ya shirya.
Shekara 59, kabarinsa nesa da Ingila, ƙasar da ta yi masa goyo da tarbiyya.

Autan Mawaƙa:
Inna, kin sa na sauke murya, Baba, na karɓi rabin gaskiya.
Na yafe wa tsoho tafiyarsa, ban san ya mutu a hanya.
Amma ɗaliban da aka rufe wa ƙofa suna nan a zuciya,
Wa zai yi musu baiti? Na bar wa na gaba ya biya.