Musayar waƙa: Me ka girba bana?

Manomin Kura:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara ta zo ƙarshe, kowa ya faɗi abin da hannunsa ya kama. Amsa-amonmu "ra". Bismillah.

Da sunan Allah Mai ba da ruwa,
Shi ya nuna mana ƙarshen shekara.
Bara injin ban ruwa na aro ne,
Sai mai shi ya gama, ni ina jira.
Bana kuɗin albasa ya sai min nawa,
Ruwan Tiga ya wadace mu a Kura.
Buhu 20 na shanshera na ɗinke,
Guda na zakka, saura na tara.

Telan Fagge:
Barka Baba, gumi ya yi rana,
Allah ya sa albarka, ya ƙara.
Shekara 3 ina gaban maigida,
Da sa maɓalli da guga na fara.
Ran da na ɓata shaddar wani ango,
Na yanke wuya ban nemi shawara,
Daren nan ban runtsa ba ko kaɗan,
Na farke ɗinkin, na zauna na gyara.
Bana an yaye ni, keken nawa ne,
Kaftanin Sallah 30 na jera.

Innar Damagaram:
'Ya'yana, ku matsa in sa baki,
Nawa ba ya shiga buhu ko gora.
Ina da jikoki na ɗauki allo,
Na zauna tabarma cikin yara.
Wasu na dariya a bayan zaure,
Na sunkuyar da kai na haƙura.
Ido ya yi rauni, na sa tabarau,
Tawada ta sha ɓata min sutura.
Ƙaramar jikata ke min tilawa,
In na yi tuntuɓe ta ce, "Inna, gyara."
Shekara 6 daga Nasi nake hawa,
Izu bayan izu, ba na tsera,
Sai ga ni bana a watan Sha'aban,
Izu 60, na dire Baƙara.
Da malam ya shafa Fatiha,
Hawaye ya hana ni ganin yara.

Manomin Kura:
Allahu Akbar! Inna, kin fi mu,
Wallahi wannan ita ce bushara.
Shinkafar walima na wuyana,
Gobe zan kai buhu a gyara.

Telan Fagge:
Hijabin sauka kuma nawa ne, Inna,
Yadi daga Kwari, ki zaɓi kala.
Kai, na saki amsa-amo don murna!
Turo awon, yau zan fara.